Keken Malam Abdulwahidu da Masarar Hadijatu

Duk wanda ya zauna a dogayen benayen nan na Pantai Dalam, kusa da jami'a, ya san Malam Abdulwahidu ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne mutumin da kullum ake gani a bakin lif ɗauke da abin da ba nasa ba. Yau tukunyar gas ɗin maƙwabta ce a kafaɗarsa, gobe akwatin wani ɗalibi da ya sauko daga jirgi bai san kowa a Kuala Lumpur ba.

Mutumin Haɗejia ne, ɗan tela. Tun yana ƙarami aka gane Allah bai sa masa kalmar a'a a baki ba. In mahaifiyarsa ta aike shi sayen manja, sai la'asar ta gan shi, ya yi wa matan layi kaf cefane, kwalbarta kuwa tana can ya manta a rumfar mai gishiri. Da ya girma ya zama malamin labarin ƙasa a kwalejin horon malamai. Shekara da shekaru yana zana wa ɗalibai dutse da kwari a allo, alhali shi bai taɓa hawa abin da ya fi tudun gadar garinsu ba. A haka gwamnati ta turo shi ƙaro karatu, ya taho da matarsa Hadijatu da 'yarsu Afnan.

Hadijatu mace ce mai ƙarancin magana, amma idonta ba ya barin komai. Ba ta taɓa cewa mijinta mugu ne ba, don ba ta ƙarya. Abin da take faɗa kawai, shi ma a hankali tana yankan albasa, shi ne, “Kowa a benen nan yana da miji a gidana, ni ce dai na rasa.”

Maganar keke kuwa likita ne ya jawo ta. Shinkafar ƙasar nan da shayi mai madara na rumfunan Indiyawa da ake kira mamak sun karɓi Malam, tumbi ya yi gaba, aka auna jini aka ce suga ya fara leƙowa, sai ya motsa jiki. Ƙofar da ke kallon tasu ta Meshach ce, mutumin Pankshin, siriri kamar sandar rake, yana aikin kwamfuta a wani kamfani. Matarsa Roseline, wadda ake kira Maman Glory, ita ce babbar ƙawar Hadijatu. Meshach mayen keke ne. Shi ya samo wa Malam wani na hannu, ya riƙa jan sa bakin tafkin Titiwangsa duk Asabar da safe suna zagaye.

Tun ranar farko aka samu saɓani a kan sutura. Meshach ya kawo masa wandon 'yan keke, irin mai manne wa jiki kamar fatar ganga. Malam ya ɗaga shi sama ya duba, ya yi salati.

“Baban Glory, wannan ai ko a ɗaki sai an kashe fitila.”

Daga ƙarshe ya sa shi a ciki, ya ɗora wandon yadi a kai, ya ɗaure ƙafar da kyauro don kada sarƙa ta ci. Hular kwano kuma a kan hularsa ta saƙa take zama. Bai tsaya nan ba, sai da ya sa aka ɗaura wa keken kariya a baya, ya kawo kwandon wanki na roba ya ɗaure da tsohon tif, ya ce keken da ba ya ɗaukar kaya ai wasan yara ne. Abokan Meshach, waɗanda ko kwalbar ruwa sai sun jinjina nauyinta kafin su ɗauka, har hoto suke yi da kwandon.

Ana haka Allah Ya ba Hadijatu ciki, bayan Afnan ta yi wayo har an fara cire rai. Cikin ya zo da laulayi mai tsanani. Duk abin da ta sa a baki sai ya dawo. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Abu ɗaya ne ya taɓa zama a cikinta: wata farar masara da Meshach ya kawo wa Roseline tsaraba daga duwatsun Cameron, daga gonar wata tsohuwar Basiniya a can cikin kwari. Ɗanya ake cin ta, in ka ciza sai ruwa mai zaƙi kamar madara ya cika baki. Roseline ta ɗan yanka mata, ta ci, ya zauna. Tun daga ranar ba ta da zance sai masarar nan. An nemo mata a manyan kantunan gari, ta shinshina ta kau da kai, ta ce wannan ta kwana a hanya.

To, da Meshach ya ce ƙungiyarsu ta 'yan keke za ta zaga kwarin, kuma Malam ya yi ƙwarin da zai iya bin su, Hadijatu ce ta fi kowa murna.

“Abban Afnan,” in ji ta, “ban taɓa ba ka sallahu ba tun da muka zo ƙasar nan. Abu ɗaya nake so. Masarar tsohuwar nan.”

“Shi ke nan? Ai kin ci kin gama, in sha Allahu.”

Meshach ya ja shi gefe a bakin matakala, ya rage murya.

“Malam, don girman Allah kada ka gaya wa kowa za mu je. Kowa fa na ce.”

Malam ya ce to. Amma ta yaya mutum zai yi tafiya, har da kwana, bai yi sallama da maƙwabta ba? In wani abu ya faru a hanya fa, ba a yafi juna ba? Daren Alhamis bai yi ba sai da ya bi hawa-hawa yana ƙwanƙwasa ƙofofi, yana cewa za shi dutse, a yafe shi, a sa shi a addu'a. Kowa ya yafe masa, kowa kuma ya tuna abin da yake so. Hajiya Hureira, surukar wani lakcara, ta ce zuma, amma ta gona, ba ta bakin titi da ake haɗawa da suga ba. Sharifa ta ce fulawa a tukunyarta, da ƙasarta, za ta ajiye a baranda. Matar Zahraddeen ta ce kabeji manya, duk da kedai ɗin da ke ƙasan benen, wato ɗan kantin unguwa, cike yake da kabejin da aka sauko da shi daga dutsen nan. Masu sitiroberi kuwa ba a magana. Wasu sun haɗa da kuɗinsu, wasu da addu'a kawai. Kowa dai sai ya ƙara da cewa, “Daga gona fa, Malam, amana.” Shi kuma ya ce in Allah Ya yarda.

Bayan Juma'a suka tashi a motar Gabriel, abokin Meshach, kekuna a ɗaure a baya. Suka kwana a kan dutse. Da asuba Malam ya taɓa ruwan alwala ya ji kamar an ciro shi daga firji, ya yi ta a taƙaice haƙora na kaɗawa. Tsarin shi ne su gangara cikin kwari ta wannan gefe, su ratsa gonaki, su fita ta wancan gefe inda Gabriel zai jira su da mota a kan hanyar komawa gida.

Gangarowar nan Malam ba zai manta da ita ba. Iska mai sanyi na shiga hannun riga tana fita ta wuya. Gajimare a ƙasa da ƙafarsa, yana kwance cikin kwari kamar audugar da aka shiƙa. Gonakin shayi sun bi jikin duwatsu layi-layi, sai ka ce kan yarinyar da aka yi wa ƙananan kitso ranar salla. Can ƙasa rumfunan leda ne fari fat, ruwa na gudu a gefen hanya, warin kashin kaji na tasowa daga gonakin kabeji. Ga wasu tsofaffin motoci da suka ci duniya, ba ƙofa ba fitila, suna hawa da kaya suna tari. Malam ya saki feda yana ta subhanallahi da ƙarfi, har ya wuce wani Bamalaye mai keke mai tsada, ya ɗaga masa hannu.

Guzurin da Hadijatu ta daure ta haɗa masa, dambun nama da dabino, bai kai tsakiyar kwari ba. A tsayawar farko ya buɗe wa 'yan ƙungiya, suka ce daɗi, ya ce su ƙara. Ragowar ya ba wasu ma'aikatan gona 'yan Bangaladash da suka yi masa sallama cikakkiya.

Sai aka fara sayayya. Meshach ya ga an loda kabeji na biyu, ya kama kai.

“Malam, me kake yi haka? Ka bari mana!”

“Daga gona aka ce.”

“Da me za ka fita da su?”

“Ai nauyi ba ya cutar da mai gangara,” in ji Malam. “Taimaka masa ma yake yi.”

“Wace gangara? Kwari ne wannan. Duk abin da ka gangaro sai ka hau shi!”

Malamin labarin ƙasa ya ɗaga kai ya dubi duwatsun da suka kewaye su ta ko'ina. A allo dai bai taɓa zana mutum a cikin kwarin ba, balle ya yi tunanin yadda zai fito. Amma an riga an ce amana. Zuma ta shiga, kwalayen sitiroberi suka shiga, ganyen shayi aka cusa ta gefe, tukunyar fulawar Sharifa ta hau sama tana rangaji.

Gonar tsohuwar ita ce ta ƙarshe, a bakin inda hanya ke fara hawa. 'Yar ƙaramar mace ce da malafa da takalmin roba, ta gane Meshach, ta yi dariya da ta ga kwandon. Malam ya nuna mata masara ya nuna ciki ya zana tudu da hannu, ta gane, ta ce, “Boleh, boleh,” wato an yarda, ta shiga ta karyo masa masu kyau da hannunta. Sai dai kwandon ya riga ya cika. Aka juya aka juya, guda uku kawai suka samu wuri. Sauran ya mayar mata yana ba da haƙuri.

Daga nan aka fara hawa. Tun a kwanar farko 'yan ƙungiya suka ɓace masa. Meshach ya yi ta binsa a hankali, daga baya ya ce bari ya je ya gaya wa Gabriel kada ya ɗauka sun faɗa rami, zai dawo. Malam ya rage shi kaɗai, daga shi sai numfashinsa. Ya taka, ya taka, keken na ɗaga kai sama saboda nauyin baya kamar doki mai gardama. Ya sauka ya tura. Rana ta karkata, ya tsaya ya haɗa azahar da la'asar ya yi ƙasaru a kan ciyawa, ya ci gaba da turawa.

A wata doguwar kwana ne abin ya same shi. Gumi mai sanyi ya keto, ido ya fara ganin taurari da rana. Likita ya taɓa gaya masa in ya ji haka ya sa abu mai zaƙi a baki nan take. Ya jingine keken, ya zauna a kan kankaren gefen hanya, ya jawo kwando.

Zuma ce ta fara zuwa hannunsa. Ya dube ta, ta dube shi. Ya ce ta Hajiya Hureira ce, amana, ya ajiye. Ya buɗe kwalin sitiroberi, ƙamshi ya doki hancinsa, jajaye suna sheƙi. Ya tuna matar da ta ba shi sallahunsu har ta ce Allah Ya tsare hanya, ya rufe. Har kabeji sai da ya ɗaga ya juya, ya tuna na matar Zahraddeen ne. Haka ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya yana yi wa kansa fatawa, kowanne da mai shi, kowanne haramun. Sai hannunsa ya sauka a kan masara.

Nan fuskarsa ta washe. Wannan kam ta gida ce. Abin matar mutum da shi ya saya, ai bai ci haƙƙin kowa ba. Zai ci ɗaya, biyu su isa.

Ya ɓare ya ciza. Allah mai iko! Ruwa mai zaƙi ya cika masa baki ya gangara har ƙirji. Sai a lokacin ya gane abin da Hadijatu take nufi. Taurari suka fara raguwa. Ya ce bari ya ƙara rabi don su tafi gaba ɗaya. Shi kuwa rabin da ya rage, ba za a kai wa mace mai ciki abin da aka gutsura ba, ba tsari. Ta ukun, har yau in an tambaye shi cewa yake bai san yadda aka yi ba.

Meshach ya gangaro ya same shi zaune ya miƙe ƙafa, ido ya dawo daidai, totuwa uku a jere a gefensa.

“Malam, me ka ci?”

“Masara.”

“Ta wa?”

“Ta gida.”

“Ta gida ko ta Maman Afnan?” Meshach ya leƙa kwando ya ɗago kwalba. “Ga zuma! Ga zuma a hannunka, mutumin Allah! Cokali ɗaya ya ishe ka!”

“Ta Hajiya Hureira ce.”

“To Hajiya Hureira ce za ta buɗe maka ƙofa yau?”

Sai a nan abin ya sauko wa Malam. Ya miƙe zai juya keke ya koma gonar. Ƙafa ta ƙi, hadari kuma ya riga ya rufe kwarin, ba a ganin ko rumfunan leda. Meshach ya rataya kabeji a wuyan kekensa mai tsada yana gunaguni da yarensu, suka lallaɓa har wurin mota. Hanyar da suka bi suka sauka kuwa ta daji ce, ba kasuwa. 'Yan rumfunan da suka gani ba su da komai sai gora da wata irin ɗorawar ƙasar nan mai wari. Duk inda aka tsaya Malam sai ya fita ya tambaya. Babu.

Sun iso ana kiran isha. Kafin ya kai ƙofarsa labari ya zaga, masu sallahu suka fito kowa ya karɓi nasa cif. Ko ganye ɗaya bai karye a fulawar Sharifa ba. Hajiya Hureira ta ɗanɗana zuma ta yi ta sa masa albarka, ta ce irinsa sun ƙare a duniya. Kwando ya koma fanko.

Hadijatu na zaune a falo, ta wanke faranti ta ajiye a gabanta da 'yar wuƙa.

Malam bai iya ƙarya ba, ko ta ceton rai. Ya tsuguna ya faɗi komai, har da yadda ya ajiye zuma, har da hujjojin. Ta saurare shi har ƙarshe ba ta katse shi ba.

“Ta yi daɗi?” in ji ta.

“Maman Afnan, wallahi…”

“Tambaya na yi.”

“Ta yi.”

“Da a ce masarar ta Maman Glory ce fa?”

“Ai da ko mutuwa zan yi ba zan taɓa ba.”

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka ba amsar da ta daɗe tana nema. Ta ɗauke farantin ta mayar kicin, ta kawo masa tuwo, ta ce Allah Ya huce gajiya. Da ta yi faɗa da ya fi samun natsuwa. Tuwon nan da kyar ya wuce.

Washegari Lahadi da safe aka ƙwanƙwasa. Roseline ce, ta sha ɗaurin zuwa coci, Meshach na bayanta yana nazarin silin.

“Malam, ina kwana? Ya gajiyar dutse?”

“Alhamdu lillahi, Maman Glory.”

“Na ji Baban Glory na cewa za ku koma ran Asabar.”

Malam ya dubi Meshach. Meshach bai sauko da ido daga silin ba.

“Sallahu na kawo,” in ji Roseline. “Masara nake so, fara, daga hannun tsohuwar nan. Tawa ce fa, ni Roseline. Kuma kwandon duka na kama. Ba na son a ɗora kayan kowa a kan nawa, a danne min. Amana, Malam.”

Daga kicin aka ji murfin tukunya ya faɗi, aka ji kuma kamar ana danne tari. Malam ba yaro ba ne, ya san inda maganar ta kwana kafin ta iso ƙofa. Amma daga bakin maƙwabciya ta fito, an kuma kira amana. Cinyoyinsa na zogi ya ce Allah Ya kai mu.

A satin nan duk wanda ya tare shi da sallahu, sai ya ce masa da gaskiyarsa, kwandon ba nasa ba ne, na Maman Glory ne, a je a tambaye ta. Ba wanda ya je, don an san bakin Roseline.

Ran Asabar suka koma su biyu. Tsohuwar ta cika kwando har sai da aka rufe da tsumma. A doguwar kwanar nan yunwa ta sake zuwa gaishe shi, ƙamshin masara na biyo shi ta baya. Bai ko waiwaya ba. Ya ci busasshen burodin Meshach da ayaba, ya kora da ruwa, ya hau. Wannan karon a kan feda ya fita daga kwarin, bai tura ba.

Da suka iso bai shiga gidansa ba. Ya ƙwanƙwasa ƙofar Roseline ya miƙa mata kwando, ya ce ta duba. Ta ɗaga tsumma ta duba da gaske, ta ce madalla, Allah Ya saka. Sannan a gaban idonsa ta tsallaka barandar, ta tura ƙofar gidansa ta yi sallama.

“Ƙawata, ga wata 'yar masara an kawo min, na ce bari in ɗan sam miki.”

Hadijatu ba ta nemi faranti ba. A tsaye ta ɓare ta farko, ruwan na bin hannunta har gwiwar hannu. Ta zauna ta ɓare ta biyu. Aka jira a ga ko za ta dawo, ba ta dawo ba. Malam na tsaye a bakin ƙofa da hular kwano a hannu, yana kallon yadda take ci ido a lumshe, yawu na taruwa a bakinsa.

“Maman Afnan,” ya ce a hankali, “ko 'yar ƙwaya?”

Ba ta buɗe ido ba.

“Ai ba tawa ba ce, Abban Afnan. Ka tambayi mai ita.”

Ya juya wajen Roseline. Ita kuwa ta gyara zama, ta jawo kwandon ta sa tsakanin ƙafafunta, ta ce sai ta yi shawara da ƙawarta tukuna.